Sirri Biyu a Tsibiri Ɗaya: Amana da Cin Amana Tsakanin Taurarin Littafin Lord of the Flies na William Golding

Tsakure

Akasarin masu nazarin ƙagaggen labarin William Golding mai suna Lord of the Flies sun saba ɗora laifin wargajewar zaman yaran tsibirin a kan Jack Merridew, su kira ɓallewarsa daga shugabancin Ralph babban cin amanar da ke cikin littafin. Wannan maƙala ta saɓa wa wannan fahimta. Ta yi amfani da bambancin da Hausa ta yi tsakanin alkawari da biyayya da amana, ta bi babi goma sha biyu na littafin, ta gano cewa Jack ya karya alkawari kuma ya janye biyayya, amma duk a bainar jama'a ya yi su. Cin amana na ainihi ya zo ne daga waɗanda mai karatu yake ƙauna. An buɗe labarin da sirrin da Ralph ya tona ba tare da an tilasta masa ba, aka rufe shi da sirrin Ralph da ɗaya daga cikin tagwaye ya tona a ƙarƙashin azaba. Maƙalar tana ganin waɗannan wurare biyu su ne ginshiƙin zubin littafin.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Faber and Faber na birnin Landan ne ya fitar da littafin a watan Satumba na 1954, bayan kamfanoni da dama sun ƙi karɓarsa, sai da wani matashin edita mai suna Charles Monteith ya tsamo shi daga cikin rubuce-rubucen da aka yi watsi da su. Golding, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 1993, a lokacin malami ne a makarantar maza ta Bishop Wordsworth da ke Salisbury, kuma ya yi aikin sojan ruwan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya san yara maza a aji, ya kuma san manya a fagen fama. An ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin adabi a 1983.

Labarin sananne ne. Jirgin sama ɗauke da 'yan makarantar Ingila ya faɗi a wani tsibiri ana tsaka da yaƙi, babu babba ko ɗaya da ya tsira. Yaran suka zaɓi Ralph, mai shekara goma sha biyu da 'yan watanni, ya zama shugaba. Suka mai da wata katantanwar teku da ake busawa kamar ƙaho ta zama alamar taro da izinin magana. Suka hura wuta a kan dutse da tabarau na wani yaro mai ƙiba da ciwon asma wanda ake kira Piggy, don jirgin ruwa ya hango hayaƙi. Daga nan tsoron wani dodo da kwaɗayin nama suka raba su, har aka kashe wani yaro mai suna Simon da kuma Piggy, aka fita farautar Ralph kamar dabba.

Abin da ya jawo wannan bincike tambaya ce ƙarama: wa ya ci amanar wa? Amsar da ɗalibai suke bayarwa, da wadda littattafan jagora suke koya musu, kusan kullum Jack ce. Matsayin wannan maƙala shi ne amsar ta yi sauƙi da yawa, kuma tana wanke wanda marubucin bai wanke ba.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Nazarce-nazarcen farko sun karkata ne ga fassara taurarin a matsayin alamomi. E. L. Epstein, a bayanin da ya raka bugun Amurka na 1959, ya nuna cewa sunan littafin fassara ce ta sunan Beelzebub, ya kuma karanta labarin da tabarau na ilimin halayyar ɗan'adam irin na Freud. C. B. Cox a 1960 ya kalle shi ta fuskar aƙidar Kirista. James R. Baker a 1965 ya ja da baya zuwa wasannin kwaikwayo na tsohuwar Girka, musamman aikin Euripides. Dukkansu sun yi aiki mai amfani, amma hanyarsu ɗaya ce: Ralph ya zama tsari, Piggy hankali, Jack son zuciya, Simon waliyyi. Da zarar yaro ya koma alama, to ba a ƙara tambayarsa abin da ya yi wa abokinsa jiya da hantsi. Alama ba ta cin amana, mutum ne yake ci. Mark Kinkead-Weekes da Ian Gregor, a littafinsu na 1967, su ne suka fi kusa da abin da ake nema a nan, domin sun dage a kan cewa a dubi ƙananan abubuwan da ke faruwa a shafi kafin a ɗora musu ma'ana.

Jayayyar wannan maƙala ta fi tsanani da mutum biyu. Na farko shi ne Golding da kansa. A maƙalarsa mai suna Fable, wadda ta fito cikin The Hot Gates a 1965, ya bayyana littafin a matsayin darasi a kan cutar da ke cikin jinin ɗan'adam, darasin da yaƙi ya koya masa. Mutane suka ɗauki wannan bayani kamar hukuncin alƙali wanda ba a ɗaukaka ƙararsa. Matsalar ita ce, idan mugunta ta kowa ce daidai wa daida, to tambayar wa ya fara, da me ya fara, ba ta da sauran amfani. Alhali labarin da Golding ya rubuta ya fi bayanin da ya yi a kansa tsantseni. Ya jera abubuwa bi da bi, ya bambanta wanda ya yi laifi don a yi dariya da wanda ya yi don a daina dukansa. Marubuci shaida ne a kan aikinsa, amma shaidar da shafukan littafin suka bayar ta riga tasa.

Na biyu shi ne Rutger Bregman, marubuci ɗan ƙasar Holan. A littafinsa Humankind, wanda fassarar Ingilishinsa ta fito a 2020, ya kawo labarin gaskiya na wasu samari shida 'yan ƙasar Tonga da suka maƙale a tsibirin 'Ata daga 1965 zuwa 1966, kimanin wata goma sha biyar, suka zauna lafiya, suka riƙe wutarsu, har wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostireliya, Peter Warner, ya tsince su. Bregman ya kafa hujja da su cewa Golding ya yi wa yara ƙazafi. Labarin samarin gaskiya ne, kuma abin sha'awa ne. Sai dai bai rushe littafin ba. Samarin nan shida 'yan makarantar kwana ɗaya ne da suka san juna, suka ƙulla shawarar guduwa tare tun kafin su shiga kwale-kwale. Amana ta riga su isa tsibirin. Yaran Golding kuwa, ban da 'yan ƙungiyar waƙar coci da ke ƙarƙashin Jack da kuma tagwaye, baƙin juna ne. Dole su gina yarda daga tushe, kuma tubalin farko da aka aza, kamar yadda za a gani, a karkace aka aza shi. Bregman ya karanta littafin kamar yadda Golding ya bayyana shi, shi ya sa ya ƙaryata bayanin ya bar labarin yana nan daram.

3.0 Hanyar Bincike

An karanta matanin Ingilishi babi bayan babi, aka ware duk wurin da wani tauraro ya ɗora wa wani nauyi, ko na aiki ko na mulki ko na sirri. A kowane wuri an yi tambaya uku: me aka damƙa, a gaban wa aka saɓa, kuma akwai tilas ko babu? An rarraba sakamakon da kalmomi uku na Hausa. Alkawari shi ne abin da mutum ya furta zai yi. Biyayya ita ce abin da mabiyi yake bai wa shugaba. Amana kuwa abu ne da mai rauni yake ajiyewa a hannun wanda zai iya cutar da shi da abin, ko an yi rantsuwa ko ba a yi ba. Ingilishi yakan tara saɓa wa ukun a ƙarƙashin kalma ɗaya ko biyu, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali.

4.0 Jack: Karya Alkawari da Janye Biyayya

Ba a nufin wanke Jack. A babi na biyu shi ya miƙe ya ce mutanensa za su ɗauki nauyin kula da wutar. A babi na huɗu ya kwashe tagwaye, Sam da Eric, daga bakin wutar don su cike da'irar farauta, wuta ta mutu, jirgin ruwa ya wuce ba tare da ya ga hayaƙi ba. Wannan karya alkawari ne muraran, kuma alkawari kaya ne. Da Piggy ya faɗa masa gaskiya, ya naushe shi a ciki, ya kai masa mari har ido ɗaya na tabarau ya fashe. A babi na goma ya jagoranci mabiyansa Roger da Maurice suka sace tabarau cikin dare. Mugunta ce, sata ce, zalunci ne.

Amma a duba yadda ya rabu da Ralph a babi na takwas. Shi ya busa katantanwa ya tara jama'a, ya zargi Ralph da tsoro da raina mafarauta, ya nemi a ɗaga hannu a tsige shi. Babu wanda ya ɗaga. Ya sake tambaya, shiru. Hawaye suka zubo masa, ya ajiye katantanwar a hankali, ya ce ya fita, duk mai son farauta ya biyo shi. Wannan tawaye ne da rana tsaka, wanda ya bi ƙa'idar taro har zuwa ƙarshenta. Ralph bai taɓa zaton Jack ya haƙura da mulki ba, kuma Piggy tun da wuri ya gaya masa cewa yaron nan yana ƙinsa. Wanda ya nuna maka mashinsa tun daga nesa abokin gaba ne, kuma ba a ajiye amana a wurin abokin gaba balle ya ci.

Waɗanda suka fi cancantar tuhuma a wannan babi su ne masu shirun. Yaran da suka ƙi ɗaga hannu a idon Ralph su ne suka sulale ɗaya bayan ɗaya lokacin da ake ɗebo itace, suka bi Jack. Ralph bai ankara ba sai da ya nemi Maurice ya rasa, Piggy ya ce ai ya ga suna zamewa. Sun ba Ralph ƙuri'ar shiru, suka ba Jack ƙafafunsu. Nan ma biyayya ce aka janye, sai dai an janye ta a ɓoye, kuma daga nan ta fara kama da cin amana.

4.1 Sirri Biyu: Suna da Maɓoya

Babban abin da wannan bincike ya gano yana cikin shafukan farko, kafin a zaɓi shugaba, kafin a yi zancen dodo, kafin a zubar da jinin alade.

Yaro mai tabarau ya haɗu da Ralph a cikin kurmi, ya tambayi sunansa, aka faɗa masa. Ya tsaya yana jira a tambaye shi nasa, Ralph bai tambaya ba. Can a bakin ruwa, don neman kusanci, yaron ya rage murya ya ce kowane suna aka kira shi da shi ya yarda, ban da wanda ake tsokanarsa da shi a makaranta, wato Piggy, ɗan alade. Ralph ya fashe da dariya. Yaron ya roƙe shi kada ya gaya wa sauran. Ralph bai ce to ba, bai ce a'a ba. Masu kare shi suna iya cewa ai bai yi alkawari ba, kuma gaskiyarsu ne. To amma nan ne amfanin bambancin da aka shimfiɗa a sama. Amana ba ta jiran alkawari. Tun da kunne ya ji sirrin, nauyi ya hau wuya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ba a daɗe ba aka taru. Jack ya daka wa yaron tsawa da wani sunan tsokana a kan ƙibarsa. Sai Ralph ya ɗaga murya kamar mai gyara kuskure, ya ce ba haka ake kiransa ba, ya faɗi sunan da aka roƙe shi ya ɓoye, har ya ce shi ne sunansa na gaskiya. Taro ya kece da dariya, manya da ƙanana. Golding ya nuna cewa a wannan ɗan lokaci yaran sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, in ban da mutum guda da ke waje, fuskarsa ta yi ja, yana goge tabarau. Wannan shi ne haɗin kai na farko da aka samu a tsibirin, kuma da sirrin mai rauni aka saye shi. Jim kaɗan bayan haka aka zaɓi Ralph.

Abubuwa uku ne suka sa wannan wuri ya fi ƙarfin a kira shi wasan yara. Na ɗaya, babu tilas. Babu wanda ya tambayi Ralph, babu wanda ya matsa masa, babu abin da zai rasa da ya yi shiru. Na biyu, ya san abin da ya yi. Da Piggy ya bi shi ya tuna masa, marubucin ya nuna Ralph yana auna hanya biyu, ko ya nemi gafara ko ya ƙara wulaƙanci. Sai ya bi tsakiya: ya ce wannan suna ya fi wanda Jack ya laƙaba, ya ba da haƙuri na fatar baki, ya tura shi ya je ya ƙirga sunayen yara. Wanda aka raba da sunansa shi aka sa tattara sunayen wasu. Na uku, ɓarnar ba ta gyaruwa. Har littafin ya ƙare, babu tauraro ko mai karatu da ya san ainihin sunan yaron nan. Ya yi ta tunani a madadin shugaba, tabaransa ne kaɗai abin kunna wuta a tsibirin, amma duk lokacin da ya riƙi katantanwa zai yi magana, sunan yana gabansa yana rage masa ƙima. Jack bai ƙirƙiri makamin da ya riƙa dukan Piggy da shi ba, Ralph ne ya miƙa masa.

Ba sau ɗaya hakan ta faru ba. A babi na tara, da Ralph da Piggy suka je wurin gashin naman Jack, kowa ya yi tsit don jin nauyin juna. Sai masu ɗauke da nama suka bangaji Piggy, ya ƙone, ya hau tsalle yana ihu. Dariya ta sake haɗa Ralph da waɗanda suka guje shi, zukata suka saki. Wato ko bayan Piggy ya zama kusan shi kaɗai ne mai ba shi shawara, Ralph bai daina samun sauƙi a cikin jama'a ta hanyar yi masa dariya ba. A daren nan aka kashe Simon.

Yanzu a tsallaka zuwa babi na goma sha biyu. Piggy ya mutu, Roger ya sako masa dutse ya faɗa ƙafa arba'in a kan wani falalen dutse a cikin teku, katantanwa ta tarwatse. An kama Sam da Eric, an ɗaure su, an azabtar da su har suka shiga rundunar Jack. Cikin dare Ralph, da raunin mashi a haƙarƙari, ya lallaɓa ya hau inda suke gadi. Tagwayen suna jin kunyar sabuwar biyayyarsu, suka ce ya tafi. Duk da haka suka gaya masa abin da aka shirya: gobe za a ja layi daga wannan gefen tsibiri zuwa wancan a farauce shi, kuma Roger ya fiƙe wata sanda kai biyu. Sam ya cusa masa guntun nama. A nan Ralph ya yi abin da Piggy ya yi a babi na ɗaya. Ya rage murya ya damƙa sirrinsa: zai ɓuya a surƙuƙin da ke dab da sansanin Jack, inda ba wanda zai yi zaton nemansa, su janye mutane daga wurin. Su ma, kamar shi a da, ba su furta alkawari a kan wannan ba.

Da gari ya waye, Ralph yana kwance cikin surƙuƙi ya ji muryar Jack da ta Roger, da ta ɗaya daga cikin tagwayen. Ya ji ana tambaya, ya ji ƙarar zafi, ya ji an amsa. Golding bai ma faɗi ko Sam ne ko Eric ba. Aka gangaro duwatsu, aka cinna wuta.

Idan aka jera wuraren biyu, tsarinsu ɗaya ne. Mai rauni ya keɓe da wanda yake ganin nasa ne, ya ba shi abin da za a iya halaka shi da shi, ya roƙi a rufa masa asiri, sannan asirin ya isa kunnen Jack. Abin da ya canza shi ne matsayin Ralph da farashin tonawar. A farko shi ne mai karɓa, ya sayar da sirrin a kan dariyar minti ɗaya. A ƙarshe shi ne mai bayarwa, kuma sai da aka taɓa lafiyar jikin wanda ya riƙe masa kafin ya saki. Bisa ma'aunin tilas, laifin tagwaye ya fi na Ralph sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake sakamakonsa ya fi muni a ido. Manazartan da suke lissafa Sam da Eric cikin maciya amana, su bar Ralph cikin masu riƙonta, sun auna laifi ne da yawan jinin da ya biyo baya, suka manta da auna 'yancin da mai laifin yake da shi lokacin da ya aikata.

Hausawa suna cewa kowa ya ci amana, amana za ta ci shi. Ba a cewa Golding ya rubuta labarin ramuwa, domin tagwayen ba su san abin da ya gudana tsakanin Ralph da Piggy a bakin ruwa ba. Abin da zubin littafin ya yi shi ne ya zaunar da Ralph a inda Piggy ya zauna tun ranar farko: a wajen da'ira, yana sauraren dariyar waɗanda ke ciki. A surƙuƙin ma, bayan ihun ɗan tagwayen, dariya ce ta biyo baya.

4.2 Amanar Mamaci

Tsakanin sirrin biyu akwai wani na uku, wanda aka riƙe shi gam, kuma riƙon nasa shi ne laifin. Simon ne kaɗai tauraron da bincike bai same shi da saɓa wa kowa ba. Shi ya tsaya taya Ralph gina bukkoki da kowa ya watse, shi yake tsinko wa ƙanana 'ya'yan itace, shi ya ɗauko wa Piggy tabaransa da ya faɗi, ya kuma ba shi nasa naman da Jack ya hana shi. Shi ya hau dutse ya gano cewa dodon gawar wani sojan sama ce da ta maƙale a igiyoyin laimar saukarsa. Ya rarrafo cikin duhu da ruwan sama zai kawo labari, masu rawa a wurin gashin naman Jack suka far masa.

Washegari, a babi na goma, Ralph ya kira abin da sunansa, kisan kai. Piggy ya ce tsautsayi ne, duhu ne, tsoro ne, har ya ɗora wa Simon laifin fitowa a irin wannan lokaci. Sannan ya ba da shawarar kada a gaya wa tagwaye cewa su ma suna cikin rawar. Tagwayen suka iso, ɗaya da ƙarzuwa a goshi, ɗaya da fasasshen leɓe, suka ce ai su tun da wuri suka tafi. Huɗun suka amince da ƙaryar juna. Wannan yana nuna cewa Piggy ma, wanda ake kafa misalin riƙon amana da shi, ya ci amanar mamaci don ya tsare ta mai rai. Ya kuma nuna cewa a wannan tsibiri rufin asiri bai taɓa yin aiki don kare wanda aka zalunta ba, sai don kare waɗanda suke da hannu.

5.0 Iyakokin Bincike

Za a iya cewa an auna littafin Ingilishi da mudun Hausa, kuma Golding bai san kalmar amana ba. Haka ne, amma ma'auni ba ya buƙatar izinin abin da ake aunawa, muddin ya raba abubuwan da suke a rabe a cikin matanin. An taƙaita a kan littafi ɗaya, ba a kwatanta shi dalla-dalla da The Coral Island na R. M. Ballantyne ba, wanda Golding ya aro sunayen Ralph da Jack daga cikinsa. Ba a shiga batun bambancin aji ba, alhali Ralph ɗan hafsan sojan ruwa ne, Piggy kuwa maraya ne da ya tashi a hannun gwaggonsa mai shagon alewa, kuma wannan yana da hannu a sauƙin da Ralph ya ji wajen tona shi. Ba a kuma duba fina-finan 1963 da 1990 ba. Duk waɗannan suna iya ƙara haske, amma ba sa sauya jerin abubuwan da ke shafi.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa idan aka raba alkawari da biyayya da amana, rabon laifi a cikin Lord of the Flies yana sauyawa. Jack ya karya na farko, ya yi watsi da na biyu, ya jagoranci zubar da jini. Na ukun kuwa, masoya ne kaɗai suke da damar cinsa, kuma Ralph ne ya fara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa tana babi na ɗaya.

Shafin ƙarshe ya tabbatar da haka. Da wani hafsan sojan ruwa ya sauka a tsibirin ya tambaya ko an rasa rai, Ralph ya ce biyu, bai sa wani ƙaramin yaro mai tabon haihuwa a fuska da ya ɓace a gobarar farko a lissafi ba. Da kuka ya ƙwace masa, mutum ɗaya ne aka ambata a cikin abin da yake yi wa kuka, kuma a matsayin aboki aka ambace shi. Sai dai sunan da aka ambace shi da shi, shi ne wanda ya roƙa a ɓoye. Ralph ba shi da wani sunan da zai kira shi da shi, domin bai taɓa tambaya ba.